Komawa Bakin Aiki Bayan Jinyar Ƙari A Ƙwaƙwalwa: Haƙƙinka A Dokar Najeriya Da Matakan Da Za Ka Bi

Ranar da aka warware ɗinkin kai, 'yan dubiya sukan ce alhamdulillahi, ai ya warke, sai komawa ofis. Likitan da ya yi tiyatar ya san ba haka abin yake ba. Fatar kai tana haɗewa cikin mako biyu, amma ƙwaƙwalwa takan ɗauki watanni kafin ta dawo daidai, wani lokaci ma ba ta dawowa yadda take a da. A can wurin aiki kuwa, tun ranar da ka daina zuwa ake ƙirga maka kwanaki. A nan ne mutane da yawa ke rasa aikinsu: suna kwance suna jinya, fayil ɗinsu kuma babu takarda ko ɗaya da ta nuna dalilin rashin zuwansu.

Fara da sanin dokar da ke riƙe da aikinka

Haƙƙinka ya danganta ne da irin aikin da kake yi, don haka kafin komai ka nemo takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata.

Idan aikin ƙarfi kake yi ko na akawu, kamar lebura, masinja, ma'aikacin masana'anta ko magatakarda, Dokar Ƙwadago ce ke kare ka. Sashe na 16 ya ba ka albashin kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ta hana ka zuwa, da sharaɗin likita mai rajista ya ba da shaida, kuma ka yarda likitan da mai aikin ya zaɓa ya duba ka idan ya nemi haka. Kwana 12 ba su kai ko'ina ba ga wanda aka buɗe wa kai. Bayan su, abin da kwantiraginka ya ce shi ne abin dogaro, sai hutun shekara, wanda sashe na 18 ya ce bai gaza kwana 6 na aiki ba bayan ka cika wata 12.

Manaja, akanta, injiniya, ma'aikacin banki mai muƙami da sauran ƙwararru ba sa cikin waɗanda wannan doka ta kira ma'aikata. Su kwantiragi ne ke magana, da littafin kamfani, da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da masu aikin idan akwai. Kamfanoni da dama suna ba da wasu watanni da cikakken albashi sannan wasu da rabi. Kada ka dogara da abin da abokin aiki ya gaya maka. Ka karanta da idonka.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya fi samun sarari. A dokokin aikin gwamnati bugun 2008, wanda ba a kwantar a asibiti ba yana da kwana 42 na hutun rashin lafiya a cikin wata 12. Idan ya wuce haka sai a tura shi gaban kwamitin likitoci. Wanda aka kwantar kuwa ana iya ba shi hutun watanni da albashi, daga nan kwamitin likitoci ya yanke ko a ƙara hutu ko a yi masa ritaya saboda rashin lafiya. An sabunta dokokin a bugun 2021, jihohi kuma kowace da nata littafin, saboda haka ka sa wani ya karɓo maka kwafin da ma'aikatarku ke aiki da shi. Lura da tarkon da ke cikin wannan lissafi: mai ƙari a ƙwaƙwalwa yakan yi mako ɗaya ko biyu ne kawai a gadon asibiti, sauran jinyar daga gida yake zuwa. Gashin na'ura na ƙari mai tsanani yakan ɗauki mako 6, zama 30, Litinin zuwa Juma'a. Wannan kaɗai ya cinye kwana 42. Shi ya sa takardar likita take buƙatar ta faɗi a fili cewa kana ƙarƙashin jinyar asibiti ne a kullum, ba hutu kake yi a gida ba.

Takardu tun daga makon farko

Mara lafiya ba zai iya wannan ba, sai a naɗa mutum ɗaya a gida, mata ko miji ko ƙane, ya zama shi ne mai hulɗa da ofis. Aikinsa uku ne.

Na farko, ya sanar da wurin aiki a rubuce cikin kwanakin farko. Kiran waya ga oga ba ya shiga fayil, ogan kuma ana iya canza masa wurin aiki gobe. A dokokin aikin gwamnati, rashin zuwa aiki ba tare da izini ba babban laifi ne da ke iya kai wa ga kora, kuma wanda zai rubuta takardar tuhuma bai san kana ɗakin tiyata ba.

Na biyu, duk takardar da aka kai, a tafi da kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan ɗayar, a dawo da ita gida. Idan ta imel ne, a adana. Idan aka yi magana ta baki da shugaban sashe, a bi ta da ɗan saƙo a ranar: “Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana ɗazu, ka amince in ci gaba da hutu zuwa 30 ga wata.” Wannan layi ɗaya yakan fi shaidu uku amfani a kotu.

Na uku, kada a bar giɓi. Idan takardar hutu ta ƙare ranar 14, sabuwar ta fara daga 15. A nemi sabuntawa mako guda kafin ta ƙare, domin ganin babban likitan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Kano, Shika ko Sakkwato rana ce ƙayyadaddiya a mako, ba kullum ba.

Ba dole ba ne ka ba ofis hoton MRI ko sakamakon gwajin naman da aka yanko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa yanayin lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsananta kariyarsu. Abin da mai aiki yake buƙatar sani shi ne tsawon lokacin da za ka yi, da abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba idan ka dawo.

Auna kanka kafin ka sa rana

Yawancin waɗanda suka koma aiki suka sake faɗuwa, gaggawa ce ta kayar da su: kuɗi sun ƙare, ko ana ta kira daga ofis. Bayan buɗe ƙoƙon kai, likitoci sukan yi maganar mako 6 zuwa 8 kafin aiki mara nauyi, idan ƙarin mara daji ne kuma an cire shi lafiya, kamar yawancin irin da ake kira meninjiyoma. Wanda zai bi da gashi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, lissafinsa daban ne. Mai shan maganin kemo na temozolomide yakan sha kwana 5 a cikin kowane 28, kuma kwanakin shan da 'yan kwanakin da ke biye su ne mafi wahala. Wasu kuma makonni bayan kammala gashi sai wani irin barci da kasala su rufe su, a daidai lokacin da kowa ke ganin an gama.

Gajiya ita ce babbar matsala, kuma ba irin wadda barcin dare ke kawarwa ba ce. Mutum yana lafiya ƙalau da ƙarfe tara, ƙarfe ɗaya na rana ya karanta layi ɗaya sau huɗu bai fahimta ba. Sai mantuwa, da wahalar yin abu biyu a lokaci guda, da ɓacewar kalma a tsakiyar magana. Wanda ƙarinsa ke gaban ƙwaƙwalwa halinsa na iya canzawa, ya zama mai saurin fushi ko sakin baki, shi kuma bai sani ba. A nan maganar matarsa ta fi tasa zama abin dogaro. Ƙarin da ya danne jijiyar ido, kamar na fituwitari (wata 'yar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki), yakan cinye gefen gani, mutum na ganin gabansa tar amma babur na zuwa ta gefe bai gani ba. Ƙarin jijiyar ji yakan bar kunne ɗaya a toshe da jiri.

Magunguna ma suna da nasu. Dexamethasone, sitiroyid ɗin da ake bayarwa don rage kumburin ƙwaƙwalwa, yana hana barci, yana ɗaga sukari, yana raunana cinyoyi har hawa bene ya zama aiki. A cikin magungunan farfaɗiya, levetiracetam yakan sa wasu saurin hasala. Carbamazepine da phenytoin suna sa gyangyaɗi. Idan wani daga ciki yana damunka, likita na iya canza shi ko sauya lokacin sha. Kada ka daina da kanka, musamman maganin farfaɗiya da na sitiroyid.

Ka gwada kanka a gida na mako biyu. Tashi a lokacin da za ka tashi don aiki, ka shirya, ka zauna ka yi abin da ya yi kama da aikinka: malami ya shirya darasi ya gabatar da shi a tsaye na minti 40, akanta ya haɗa lissafin wata guda. Ka rubuta ƙarfe nawa ka fara, ƙarfe nawa kai ya ɗau zafi, yaya ka tashi washegari. Ka haɗa da zirga-zirgar hanya, domin awa guda a cunkoso cikin zafi yana cinye rabin ƙarfin da za ka yi aiki da shi. Wannan littafi za ka kai wa likita.

Takardar da likita zai rubuta

Takarda mai cewa “ya samu sauƙi, zai iya komawa aiki” cutar da kai za ta yi, domin ofis zai ɗauka ka dawo kamar da. Ka tafi da jerin ayyukanka na yau da kullum, ka roƙi likita ya rubuta dalla-dalla: ranar farawa, awa nawa a rana, na tsawon mako nawa, abin da aka hana (tuƙi, hawa sama, aikin dare, injin mai juyawa, ɗaukar kaya mai nauyi), ranakun dawowa asibiti, da ranar da za a sake duba tsarin. Hoton bibiya yakan zo duk wata 3 zuwa 6 a farko. A sa shi a takardar tun yanzu don kada kowace tafiya ta zama roƙo. Idan matsalar tunani ce ko mantuwa, ka nemi a tura ka gwajin ƙwaƙwalwa wurin masanin halayyar ɗan'adam na asibiti. Rahotonsa yana nuna abin da ido ba ya gani.

Zaman da za ku yi da mai aiki

Ka nemi zama mako biyu kafin ranar dawowa, ka tafi da wakilin ƙungiyar ƙwadago ko abokin aiki da ka amince da shi. Kada ka je da “ku taimaka mini”. Ka je da tsari a rubuce, misali: mako biyun farko kwana uku, awa huɗu da safe, mako biyu na gaba kwana huɗu, awa biyar, daga nan kwana biyar, awa shida, a mako na takwas a zauna a duba. Ka raba kwanakin, Litinin, Laraba, Juma'a, ya fi uku a jere. Idan wani mataki ya yi nauyi, a koma na baya a ƙara mako biyu.

Yawancin sauƙin da za ka nema ba ya cin ko kwabo: tebur a wurin da babu hayaniya, umarni a rubuce maimakon a baki a kan hanya, hutun minti 10 bayan kowace awa, ofis a ƙasa, a cire ka daga aikin dare domin rashin barci na tayar da farfaɗiya, a zaunar da kai ta yadda kunnen da ke ji zai fuskanci mutane. Wanda aka yi wa aikin fituwitari kuma yake fama da yawan fitsari da ƙishi yana buƙatar ruwa a kusa da banɗaki a kusa. Ka tambayi abin da zai faru da albashi da alawus a lokacin rage awanni, a rubuta, a kuma rubuta cewa na wucin gadi ne. Idan ba a rubuta ba, rabin albashin na iya zama naka na dindindin.

Madogararka a doka ita ce Dokar Haramta Nuna Wariya Ga Masu Buƙata Ta Musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ba guragu da makafi kaɗai ta shafa ba; ta haɗa da duk mai raunin jiki, tunani ko gaɓɓan ji da gani na dogon lokaci. Sashe na 1 ya sa tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Sashe na 28 ya tabbatar da haƙƙin yin aiki daidai da kowa. Dokar ta tanadi takardar shaidar naƙasa, ta wucin gadi wadda ba ta wuce kwana 180, da ta dindindin daga hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Mutane da yawa suna ƙyamar kalmar, suna ganin kamar sun yi wa kansu baki. Takardar ba ta ƙara maka ciwo. Hujja ce kawai a fayil. Jihohi irin Kano da Kaduna ma suna da nasu dokokin.

Farfaɗiya da tuƙi

Idan ka taɓa faɗuwa ko kana shan magani, mutum biyu aƙalla a wurin aiki su san abin yi. A kawar da abin da zai ji maka ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a duba agogo, idan jijjigar ta tsaya a kwantar da kai a gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, ba a danne mutum. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin ka farfaɗo, sai asibiti. Ka faɗa musu kai tsaye cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, domin har yanzu akwai masu gudu idan mutum ya faɗi.

Ɓoye farfaɗiya a aikin da ke da haɗari shi ne kuskuren da ke ba mai aiki hujjar kora ta gaskiya. Direba, mai hawa falwaya, mai aiki da injin niƙa ko gaban wuta, dole a canza masa aiki har sai likita ya sake shi. Tuƙi ma haka, ko da babur ne zuwa ofis: sai likita ya amince, an kuma gwada faɗin gani. Idan azumi ya zo, ka ga likita tun a Sha'aban. Tsallake maganin farfaɗiya ko sitiroyid irin hydrocortisone na da haɗari, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Idan aka fara matsa maka

Yakan zo ne da lallashi: “Alhaji, me zai hana ka rubuta murabus ka je ka huta, in ka warke ƙofa a buɗe take.” Kada ka sa hannu a kan komai a zaman. Ka ce za ka tafi da takardar ka yi shawara. Murabus da hannunka yana raunana ƙararka, yana kuma yanke inshorar lafiyar da ke haɗe da aikin a lokacin da kake buƙatar hoto da magani. Idan aka ba ka takardar tuhuma, ka amsa a rubuce cikin wa'adin, ka haɗa kwafin takardun likita.

Dokar Ƙwadago a sashe na 11 ta ƙayyade sanarwar sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 zuwa shekara 2, mako 2 zuwa shekara 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. A da, mai aiki mai zaman kansa yana ba da wannan sanarwa ya sallame ka ba tare da faɗin dalili ba. Tun da gyara na uku na 2010 ya ƙara sashe na 254C a Kundin Tsarin Mulki, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samu hurumin duba rashin adalci da wariya a wurin aiki, kuma a shari'o'i da dama ta ce sallama ba tare da ingantaccen dalili ba zalunci ce. Tana kuma karɓar ƙarar wanda aka ƙuntata wa har ya ajiye aiki dole, sai dai tabbatar da hakan na buƙatar hujja mai ƙarfi. Abin da za ka samu ya bambanta: ma'aikacin gwamnati da aka kora ba bisa ƙa'ida ba ana iya mayar da shi kujerarsa, na kamfani yawanci diyya ce.

Ka bi mataki-mataki: koke a rubuce a cikin gida, sai ƙungiya, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke jiharka don sasanci. Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam suna karɓar ƙorafi kyauta. Kotun Ma'aikata tana da rassa a Abuja, Kano, Kaduna, Jos da wasu biranen. Idan gwamnati za ka kai ƙara, ka ga lauya nan take: akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3, kotuna sun sha saɓani a kan ko ta shafi shari'ar aiki, don haka shigar da ƙara kafin wata ukun ya fi aminci. Rubuta wasiƙun roƙo ba ya tsayar da wannan agogo.

Idan komawa ba za ta yiwu ba

Ritaya saboda rashin lafiya daban take da murabus. Dokar Fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya fara cin asusunsa idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya aikin ba, kuma idan ya samu sauƙi daga baya ana iya sake duba shi ya koma aiki. Wanda aka sallama kawai kuma ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba yana iya cire har kashi 25 cikin 100. Kafin ka bar ofis, ka karɓi bayanin asusunka ka tabbatar an zuba kashi 10 na mai aiki da kashi 8 naka na kowane wata, har da watannin jinya da aka biya ka albashi. Asusun diyya na NSITF, hukumar gwamnati mai biyan ma'aikata diyya, kuwa na rauni ne ko cutar da aiki ya jawo, don haka ƙari a ƙwaƙwalwa ba ya shiga sai an nuna alaƙarsa da aikin.

Idan za a kai ka gaban kwamitin likitoci, kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da sabon rahoton likitan da ke duba ka, mai ɗauke da abin da za ka iya yi yanzu da abin da ake sa ran za ka iya bayan wata shida, ka kuma nemi a rubuta yiwuwar canza maka aiki mai sauƙi kafin a kai ga maganar ritaya.

Mai sana'ar kansa, tela ko ɗan kasuwa ko mai shago, babu sashen doka da zai ba shi hutu, amma tsarin komawa a hankali ɗaya ne. Ya fara da safiya kawai, ya bar lissafin kuɗi da bashi a hannun amintacce na wata biyu ko uku, a riƙa rubuta duk ciniki a littafi, domin mantuwar da ke biyo bayan tiyata a aljihu take fara nunawa. Mai adaidaita sahu ko mota ya ba da ita haya da yarjejeniya a rubuce da shaidu biyu, har ranar da likita zai ce ya kama sitiyari.